ADIRESHIN INTANET DA SAUYI ZUWA SABON TSARI: BAYANIN MUHIMMAN KALMOMI

GABATARWA

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, musamman waɗanda aikinsu ya shafi sayen kayan sadarwa, ko kula da ɗakin kwamfuta na makaranta, ko na asibiti, ko na sakatariya. Kusan dukkan kalmomin da ake amfani da su a harkar intanet daga Turanci suka fito. Sau da yawa ɗan kwangila ko mai gyara yakan jero su a gaban jami'i, shi kuma jami'in ya sa hannu a takarda ba tare da ya san ainihin abin da aka kawo masa ba.

Dalilin da ya sa sanin waɗannan kalmomi ya zama wajibi shi ne, lambobin da aka tanada tun farko domin haɗa na'urori da intanet sun ƙare, kuma duniya tana ƙaura zuwa wani sabon tsari. Duk hukumar da ta sayi kayan da ba su san sabon tsarin ba, to ta sayi abin da za ta sake saye da kuɗin jama'a kafin lokacinsa ya yi.

An rubuta kowace kalma yadda ake furta ta a bakin masu sana'ar. Gajerun sunaye kuwa, irin su IP da DNS, an bar su yadda mai karatu zai gan su a fuskar wayarsa ko a jikin kwalin na'ura.

KASHI NA ƊAYA: KALMOMIN TUSHE

Netwok. Haɗakar na'urori biyu ko fiye da ke iya aika wa juna saƙo, ta waya ko ta iska. Kwamfutoci goma da aka haɗa a ofishi ɗaya netwok ne. Ita kuwa intanet haɗakar dubban irin waɗannan ce a faɗin duniya.

Firotokol. Ƙa'idar da na'urori suka yarda su bi wajen magana da juna. Kamar yadda gaisuwa a fada take da tsarinta, an san wanda zai fara da abin da za a amsa, haka na'urori suke da nasu tsarin. Idan na'urori biyu ba su bin ƙa'ida ɗaya, ba za su fahimci juna ba ko da waya ɗaya ce ta haɗa su.

IP. Ana furta shi ai-fi. Haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyu masu ma'anar ƙa'idar intanet. Ita ce ƙa'idar da ta tsara yadda ake ba kowace na'ura lamba, da yadda saƙo yake tafiya daga wannan lamba zuwa waccan. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Vint Cerf da Bob Kahn, su ne suka wallafa tushen wannan tsari a shekarar 1974. A ranar 1 ga Janairu, 1983, netwok ɗin bincike na gwamnatin Amurka mai suna ARPANET ya koma kansa baki ɗaya.

Adireshin IP. Lambar da ake gane na'ura da ita a kan intanet. Wasiƙar da ba ta da adireshin wanda za a kai wa ba ta isa, wadda kuma ba ta da adireshin wanda ya aiko ba a iya ba ta amsa. Saboda haka kowane saƙo a intanet yana ɗauke da adireshi biyu, na mai aikawa da na mai karɓa.

Fakiti. Ba a aika saƙo a dunƙule. Ana yanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki da adireshinsa a goshi, sa'an nan a sake harhaɗa su idan sun isa. Kowane yanki shi ake kira fakiti. Misalinsa kamar manomin da zai aika hatsi birni ne: ba ya ɗora rumbu a mota, sai ya zuba a buhuna, ya rubuta sunan mai karɓa a jikin kowane buhu, ko da motoci daban-daban ne za su ɗauka.

Rawuta. Na'urar da ke duba adireshin da ke kan fakiti ta tura shi hanyar da ta dace, kamar ɗan kamasho a tasha da ke nuna wa fasinja motar garinsu. Ƙaramin akwati mai fitilu da ke rarraba intanet a ofis, wanda wasu ke sa wa layin waya a ciki, rawuta ce.

Saba. Babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka ko bayanai, tana miƙa su ga duk wanda ya nema, dare da rana. Wannan shafi da ake karantawa yana ajiye ne a kan wata saba.

Bit. Ma'auni mafi ƙanƙanta a lissafin kwamfuta. Ba ya wuce ɗayan abu biyu: 0 ko 1. Yawan bit ɗin da aka ware wa adireshi shi ne yake iyakance yawan adireshin da za a iya samu, kamar yadda yawan gurabe a lambar mota yake iyakance yawan motocin da za a iya yi wa rajista.

KASHI NA BIYU: TSOHON TSARI

IPv4. Ana furta shi ai-fi-bi-fo. Harafin v yana nufin zubi, wato zubi na huɗu na ƙa'idar intanet. An wallafa shi a watan Satumba na 1981, kuma shi ne aka gina intanet a kansa. Adireshinsa lambobi ne rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255, misali 192.0.2.15. Tsawonsa bit 32 ne, abin da ya ba da jimlar adireshi 4,294,967,296, wato biliyan huɗu da kusan miliyan ɗari uku.

A wancan lokaci an ga kamar wannan adadi ba zai taɓa ƙarewa ba, domin jami'o'i da cibiyoyin bincike ƙalilan ne ke haɗe da intanet. Saboda haka aka yi ta rabo ba tare da tsimi ba. Akwai kamfanoni da jami'o'i a Amurka da kowannensu ya sami adireshi sama da miliyan 16 shi kaɗai. Amma a watan Nuwamba na 2022 yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8, kuma mutum ɗaya yana iya mallakar waya biyu da kwamfuta. Ko ba a yi almubazzaranci a farko ba, lambobin ba za su isa ba.

Adireshin fili da adireshin cikin gida. Adireshin fili shi ne wanda duk duniya ke iya gani, kuma ba a ba na'urori biyu iri ɗaya a lokaci guda. Na cikin gida kuwa ba ya fita waje, ana amfani da shi ne a cikin ofis ko gida kawai, don haka dubban ofisoshi suna iya maimaita shi ba tare da rikici ba. A shekarar 1996 aka tabbatar da rukunai uku domin wannan aiki: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda suka fara da 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Duk wanda ya ga 192.168 a kwamfutarsa, ya sani adireshin cikin gida ne.

Sitatik da dainamik. Adireshi sitatik shi ne na dindindin, wanda ba ya canzawa. Dainamik shi ne na aro, wanda ake ba na'ura idan ta shiga, a karɓe idan ta fita. Wayar hannu ba ta bukatar na dindindin. Amma saba, ko kyamarar tsaro da ake son dubawa daga nesa, sukan bukace shi, kuma kamfanoni sukan caji ƙarin kuɗi a kansa.

DHCP. Tsarin da ke raba adireshin aro da kansa, ba sai mutum ya zauna ya rubuta wa kowace na'ura nata ba. Yawancin rawutocin ofis suna zuwa da shi a kunne.

Getwe. Ƙofar da saƙo yake bi ya fita daga netwok ɗin ofis zuwa duniya. A mafi yawan lokuta rawutar ofis ita ce getwe.

KASHI NA UKU: SUNA DA LAMBA

Domen. Sunan da mutane ke rubutawa domin buɗe shafi, maimakon haddace lambobi. Kowace ƙasa tana da haruffa biyu da ake ƙare sunayenta da su: Nijeriya .ng, Nijar .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Cadi .td. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar .ng. Sunayen da suka ƙare da .gov.ng kuwa an keɓe su ne ga hukumomin gwamnati, a ƙarƙashin kulawar hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA. Wannan alama ce mai amfani wajen bambance shafin gwamnati na gaskiya da na 'yan damfara.

DNS. Tsarin da ke juya suna ya koma lamba. An ƙirƙiro shi a 1983. Aikinsa kamar na jerin sunayen da ke cikin wayar hannu ne: mutum ya taɓa sunan ɗan'uwansa, waya kuma ta kira lambar. Idan DNS ya sami matsala, sai a ga akwai sabis amma shafuka sun ƙi buɗewa.

Rikodin A da rikodin AAAA. Rikodi shi ne layin da aka rubuta a cikin DNS mai cewa wannan suna na wannan lamba ne. Rikodin A yana nuna tsohon adireshi, na AAAA kuma yana nuna sabo. Shafin da ba shi da rikodin AAAA bai shiga sabon tsari ba tukuna.

KASHI NA HUƊU: MASU RABON ADIRESHI

Ba gwamnati ce ke raba adireshin intanet ba, kuma ba a sayensa a kasuwa kamar katin waya. Rabon yana bin matakai ne daga sama zuwa ƙasa.

IANA da ICANN. IANA ita ce ma'ajiyar lambobin duniya baki ɗaya. Tana aiki ne a ƙarƙashin ICANN, wata ƙungiya da ba ta neman riba wadda aka kafa a Amurka a 1998.

Hukumomin yanki. IANA tana miƙa manyan rukunan lambobi ga hukumomi biyar: ARIN ta Amurka da Kanada, RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC ta Asiya da yankin Fasifik, LACNIC ta Latin Amurka, sai AFRINIC ta nahiyar Afirka. Hedkwatar AFRINIC tana tsibirin Morishas, kuma an amince da ita a hukumance a 2005. Kason da Afirka ta samu na tsohon adireshi shi ne mafi ƙanƙanta a cikin yankunan biyar, domin an riga an yi nisa da rabo kafin intanet ta yaɗu a nahiyar.

ISP. Kamfanin da ke sayar wa jama'a intanet. Shi ne yake karɓo lambobi daga AFRINIC ya rarraba wa abokan cinikinsa. A Nijeriya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ke ba irin waɗannan kamfanoni lasisi. Ga mafi yawan mutanen karkara, kamfanin layin wayarsu shi ne ISP ɗinsu.

IETF da RFC. IETF taron injiniyoyi ne na duniya da ke tsara ƙa'idojin intanet. Kowace takardar ƙa'ida da aka fitar ana kiranta RFC, kuma tana da lambarta. Ta IPv4 ita ce ta 791. Kowa yana iya karanta su kyauta.

KASHI NA BIYAR: YADDA LAMBOBIN SUKA ƘARE

A ranar 3 ga Fabrairu, 2011, IANA ta raba rukunai biyar na ƙarshe da suka rage a hannunta, ɗaya ga kowace hukumar yanki, kowane rukuni da adireshi 16,777,216. Daga nan rumbun duniya ya zama fanko. Su ma hukumomin yanki sai suka bi sahu: yankin Asiya ya shiga rukuninsa na ƙarshe a watan Afrilu na 2011, Turai a 2012, Latin Amurka a 2014, yayin da na Amurka da Kanada ya ƙare a watan Satumba na 2015. AFRINIC ta fara taƙaita rabo a 2017, ta ƙara tsanantawa a 2020.

Abin da ya yi ƙaranci kuwa dole ya yi tsada. Tun a 2011 kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga wani kamfanin sadarwa da ya durƙushe mai suna Nortel a kan dala miliyan 7.5. A watan Fabrairu na 2024 kamfanin Amazon ya fara cajin masu hayar sabobinsa kuɗi a kan kowane tsohon adireshin fili. Irin wannan tsada a ƙarshe kan mai saye take sauka.

Ya kamata a lura cewa ƙarewar ba ta nufin tsofaffin adireshi sun daina aiki. Suna nan suna aiki. Sababbi ne babu. Kafin a kai ga haka, masana sun fito da dabarun jinkirta matsalar, kuma ga biyu daga cikinsu da za a riƙa jin sunansu.

NAT. Ana furta shi nat. Dabara ce da ta fito a 1994, wadda ke ba na'urori da yawa damar fita da adireshin fili guda ɗaya. Misalinta gida ne mai ɗakuna ashirin da zaure ɗaya: duk wasiƙar da ta zo a zaure take tsayawa, mai gida ne ya san ɗakin da za a kai ta. Rawuta ce ke yin aikin mai gidan.

CGNAT. Ita ce dabarar nat idan kamfani ya yi ta a kan dubban abokan cinikinsa, ya zama ba gida ɗaya ba, unguwa guda ce ke fita ta zaure ɗaya. Kamfanonin wayar hannu da yawa a kanta suka dogara. Tana da illoli. Idan mutum ɗaya ya yi ɓarna aka toshe adireshin, sauran da ba su ji ba su gani ba sai abin ya shafe su. Haka nan yana da wuya a iya shiga wata na'ura ta ofis daga nesa, kuma binciken masu laifi yana ƙara wahala, tunda mutane da yawa ne a bayan lamba ɗaya.

KASHI NA SHIDA: SABON TSARI

IPv6. Ana furta shi ai-fi-bi-sikis, wato zubi na shida. An fara wallafa shi a watan Disamba na 1995, aka sake inganta shi a 1998, sa'an nan aka tabbatar da shi a matsayin cikakkiyar ƙa'ida a watan Yuli na 2017 cikin RFC mai lamba 8200. Masu tambayar ina na biyar ya shiga, amsa ita ce an riga an ba wani tsarin gwaji lamba 5, shi ya sa aka tsallake ta.

Tsawon sabon adireshi bit 128 ne. Wannan ba yana nufin ya ninka tsohon sau huɗu ba ne kawai, domin kowane bit ɗaya da aka ƙara yana ninka adadin sau biyu. Jimlar adireshinsa lamba ce mai gurabe 39, wadda ta fara da 340, alhali jimlar na tsohon tsari gurabe 10 ne kacal.

Hegzadesimal. Salon ƙirga da ake rubuta sabon adireshi da shi. Yana amfani da alamomi 16: lambobi daga 0 zuwa 9, da haruffa daga a zuwa f. Saboda haka ganin haruffa a cikin adireshi ba kuskure ba ne. Ana rubuta shi rukuni takwas, da ɗigo biyu na tsaye a tsakani, kamar haka:

2001:0db8:0000:0000:0000:0000:0000:0025

An yarda a taƙaita shi ta hanya biyu. Ana iya zubar da sifilin da ke farkon kowane rukuni. Ana kuma iya maye gurbin jerin rukunan da duk sifili ne da alamar :: amma sau ɗaya tak a cikin adireshi. Don haka adireshin da ke sama zai koma:

2001:db8::25

Firifis. Sashen farko na adireshi, wanda ke nuna netwok ɗin da na'ura take ciki. Kamar yadda ake faɗin jiha, da ƙaramar hukuma, da gunduma kafin a zo kan gida, haka adireshi yake farawa da babban yanki ya gangaro zuwa na'ura. Ana nuna tsawonsa da karkatacciyar sanda da lamba, misali /48 ko /64. Abin lura shi ne, ƙaramar lamba ita ce babban kaso: /48 ya fi /64 girma.

Sabnet. Yankin da aka gutsuro daga babban netwok, misali a ware wa sashen kuɗi nasa, sashen lafiya nasa. A sabon tsari kowane sabnet yakan sami /64, kuma wannan kaɗai ya ninka dukkan adireshin tsohon tsari sau fiye da biliyan huɗu. Hukumar da aka ba /48 tana iya fitar da sabnet 65,536 daga ciki.

Yadda ake gane iri. Adireshin da ya fara da 2 ko 3 a rukunin farko mai gurabe huɗu na fili ne. Wanda ya fara da fe80 na cikin gida ne, na'ura ce ke ba kanta shi, kuma ganinsa ba ya nuna cewa kamfani ya ba ofis sabon tsari. Wannan wuri ne da ake yawan ruɗin mutane.

KASHI NA BAKWAI: KALMOMIN SAUYI

Babbar matsalar ita ce tsarin biyu ba sa jin yaren juna. Na'urar da ta san tsoho kaɗai ba za ta iya magana kai tsaye da wadda ta san sabo kaɗai ba. Kuma babu wata rana da aka tsayar da za a kashe tsohon a duniya baki ɗaya. Saboda haka ake bin hanyoyi uku.

Duwal-sitak. Wato riƙe tsari biyu a lokaci guda. Na'ura tana da tsohon adireshi da sabo, tana amfani da wanda ya dace, kamar ɗan kasuwar da ke jin Hausa da Fulatanci. Ita ce hanyar da ta fi dacewa da ofisoshin gwamnati a halin yanzu.

Tanel. Ma'anar kalmar ita ce hanyar ƙarƙashin ƙasa. Ana sa fakitin sabon tsari a cikin na tsoho, kamar ambulan a cikin ambulan, domin ya ratsa yankin da bai san sabon ba. Dabara ce ta wucin gadi.

NAT64. Tafinta ne tsakanin tsarin biyu. Yana ba wayar da ke kan sabon tsari kaɗai damar buɗe shafin da har yanzu yake kan tsoho.

Afgired. Ɗaga na'ura ko manhaja zuwa sabon zubi. Wani lokaci sai an sayi sabuwar na'ura, wani lokaci kuwa sabunta manhajar cikinta ya wadatar.

Famwaya. Manhajar da ke zaune a cikin rawuta tana tafiyar da ita. Kafin a yanke hukuncin jefar da rawuta, a fara tambaya ko sabunta famwayarta zai sa ta karɓi sabon tsari.

Fayawol. Katangar tsaro da ke tace abin da zai shiga netwok da abin da zai fita. A sabon tsari kowace na'ura tana iya samun adireshin fili nata, don haka dole katangar ta san tsarin biyu. Wadda ta san tsoho kaɗai kamar gida ne da aka kulle ƙofar gaba aka bar ta baya a buɗe.

APN. Saitin da ke haɗa wayar hannu da intanet ɗin kamfanin layi. A cikin wayoyi da yawa akwai gurbin zaɓi a ƙarƙashinsa mai nuna IPv4, ko IPv6, ko IPv4/IPv6. Kada a taɓa shi sai da shawarar kamfanin layin.

A ranar 8 ga Yuni, 2011, manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da Yahoo suka gwada sabon tsarin na tsawon sa'o'i 24. Da gwajin ya yi kyau, sai suka kunna shi dindindin a ranar 6 ga Yuni, 2012. Ƙididdigar Google ta nuna cewa zuwa shekarar 2023 sama da kashi 40 cikin 100 na masu shiga shafukansa ta sabon tsari suke shiga. Indiya da Faransa da Jamus suna cikin ƙasashen da suka yi nisa. Mafi yawan ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, suna baya ƙwarai.

ABIN DA YA KAMATA JAMI'AI SU KULA DA SHI

1. A rubuta ƙarara a cikin takardar kwangila cewa duk rawuta, da fayawol, da saba, da kyamarar tsaro da za a kawo dole su yi aiki da IPv4 da IPv6 duka biyu.

2. Kada a wadatu da rubutun jikin kwali ko maganar baki. A sa mai kawo kaya ya kunna na'urar ya nuna saitin sabon tsari a gaban jami'in da ya san aikin, kafin a sa hannu a takardar karɓar kaya.

3. A yi hattara da kayan da aka karya wa farashi fiye da kima. Wasunsu tsofaffi ne da aka daina amfani da su a wasu ƙasashe. Araha ba ta ado.

4. Kafin a sabunta yarjejeniya da kamfanin intanet, a tambaye shi a rubuce ko yana bayar da IPv6, da girman firifis ɗin da zai bayar, da kuma ko akwai ƙarin kuɗi.

5. Hukumar da ke da shafin intanet ta tambayi mai kula da shi ko shafin yana da rikodin AAAA.

6. A ajiye littafi mai ɗauke da jerin na'urorin ofis, da shekarar da aka sayi kowace, da tsarin da take aiki da shi, da kalmomin sirrinta a wuri mai tsaro. Ofisoshi da yawa sukan shiga wahala idan aka yi wa ma'aikacin da ya san waɗannan abubuwa canjin wurin aiki.

7. Ba a bukatar zubar da kayan da ke aiki lafiya. Abin da ake nema shi ne duk sabon abin da za a saya daga yanzu ya kasance ya san tsarin biyu.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Mai wayar hannu ba shi da wani abin da zai yi, kuma ba shi da abin da zai biya. Sauyin aikin kamfanoni ne, kuma yawancin wayoyin zamani sun riga sun san sabon tsari. Lambar waya ba za ta canza ba, ba kuma za a rufe layin kowa saboda wannan ba.

Duk wanda ya kira ko ya aiko saƙo yana cewa a biya kuɗi, ko a faɗi lambar sirri ta banki, ko lambar BVN, ko ta NIN, wai domin a mayar da layi kan sabon tsari, ɗan damfara ne. Kada a ba shi komai.

Adireshin IP ba lambar ɗan ƙasa ba ne, kuma ba ya ɗauke da sunan mutum ko hoton gidansa. Abin da yake nunawa shi ne kamfanin da ya bayar da shi, da ƙiyasin yankin da ake amfani da shi. Kamfanin ne ke riƙe da bayanin wanda ya yi amfani da shi.

Haka kuma IPv6 daban, 4G da 5G daban. Su waɗannan biyun sun shafi yadda waya ke magana da turken sadarwa ne, shi kuwa IPv6 ya shafi lambar da aka ba wayar. Sabon tsarin ba ya kawo sabis a ƙauyen da babu turke, ba ya rage kuɗin data, kuma shi kaɗai ba ya hana kutse. Amfaninsa shi ne ya tabbatar da cewa akwai isassun lambobi ga kowace makaranta, da asibiti, da kasuwa, da gida da za a haɗa nan gaba.

KAMMALAWA

Yankunan da intanet ba ta gama isa ba su ne suka fi bukatar sababbin lambobi, domin waɗanda suka riga mu shiga sun kwashe tsofaffin. Saboda haka wannan batu ya shafi karkara kai tsaye. Ana shawartar shugabannin sassa da sakatarorin ƙananan hukumomi su buga wannan bayani su ajiye a ofis, su kuma riƙa duba shi a duk lokacin da za a tsara kwangilar kayan sadarwa. Wanda ya ci karo da wata kalma da ba a kawo a nan ba, ya nemi mai kawo kayan ya yi masa bayaninta da Hausa kafin ya sa hannu. Haƙƙinsa ne, kuma tambaya ba ta rage darajar ma'aikaci.